Kafin Alƙalamin Mama Saratu

Ban taɓa mantawa da ranar da kunya ta sa na canza wa kuɗi suna ba. Ku da kuke ganin ina tsare mai gida da bayani har ya gaji, kuna cewa Baba Sabi'u ya cika surutu, to ga mafarin abin.

Shekara bakwai ke nan, cikin damina. Lokacin ni ne shugaban birkiloli a ƙarƙashin Injiniya Rasaki, Bayarabe haifaffen Agege, wanda in yana Hausa sai ka rantse Bakano ne. Dokarsa ɗaya ce: duk tsohon gidan da za a ɗora wa bene, ba ya yanka farashi sai an haƙa gindin bango an ga harsashi. Haƙan nan yana da kuɗinsa, kuɗin duba muke ce masa. Tun farko mai gida ke biya, kuma ko an yi aikin ko ba a yi ba, ba ya dawowa, domin leburori sun yi gumi, injiniya ya ba da yininsa.

Mama Saratu maƙwabciyata ce, 'yar Kafanchan, nas da ta yi ritaya. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku, ko kwabo ba ta taɓa amsa ba. Garatutinta ya fito, tana so ta ɗora ɗaki biyu a kan gidan da mijinta ya bar mata, don ɗanta da iyalinsa su baro gidan haya a Mushin. Ta ce, "Sabi'u, kai na sani, kai zan ba."

Oga Rasaki ya faɗa mini kuɗin duba, ya ce in je in yi mata bayani. Na je, ta kawo mini ruwa, wallahi kunya ta hana ni ambaton kuɗin duba. A wurinmu ina aka taɓa sayar da kallo? Ko a kara, mai saniya ba ya karɓar komai don ka duba haƙoranta. Balle wannan baiwar Allah! Sai na ji kaina ina cewa, "Mama, ɗan kafin alƙalami za ki bayar." Kun san kafin alƙalami: abin da ake bayarwa a kama ciniki, a cire shi cikin farashi, in mai kaya ya fasa ya mayar. Ta shiga ɗaki ta ɗauko. Na ce a raina ai aikin za a yi, komai zai shige ciki.

Ranar Talata muka haƙa rami biyu, ɗaya bayan kicin, ɗaya gefen kwata. Ba mu kai gwiwa ba harsashin ya ƙare. Babu rodi ko ɗaya, kankaren yana marmashewa a hannu, ruwa na tsattsafowa daga ƙasa. Oga ya sauka ya murza, ya fito yana girgiza kai. Ya ce, "Mama, gidan nan ba zai ɗauki bene ba. Ni dai ba zan ɗora ba."

Ta ce, "To, tunda ku kuka fasa, a dawo mini da kafin alƙalamina in nemi wani."

Oga ya juyo ya dube ni. In aka ji a unguwa cewa Sabi'u ya cuci Mama Saratu, ko kewaye ba wanda zai ƙara ba ni in gina a Agege. Na cire hula na ce, "Mama, laifina ne. Oga kuɗin duba ya ce, kuma ba ya dawowa. Ni na canza masa suna don kunyarki. In kin yarda, ni zan biya ki."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta tattare zani ta je bakin ramin, ta sa aka miƙo mata ɓaraguzan, ta murza kamar yadda Oga ya yi, suka zube. Ta ce, "A kan wannan zan kwantar da jikokina?" Sannan ta waiwayo. "Sabi'u, shekara talatin ina asibiti. Ka taɓa jin an yi gwajin jini, sakamako ya ce kada a yi tiyata, mutum ya ce a dawo masa da kuɗin gwaji? Da ka ce gwaji ne, da na gane. Riƙe kuɗinka. Abin da ya ɓata mini rai, ka ɗauka ni ba mai ganewa ba ce."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Oga kuwa bai tozarta ni a gabanta ba, Allah ya saka masa. Ya nemi benci ya zauna, ya zayyana mata abin da ake biya kafin a ɗora bulo ko ɗaya: duba, zane, izinin hukuma, da kafin alƙalamin kaya na gaskiya, yana ware mai shiga farashi da wanda ba ya dawowa. Sai da muka shiga mota ya ce, "Sabi'u, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Bai sake tayar da maganar ba.

Aikin kuma mu ta ba. Muka ƙarfafa harsashin, muka gina ɗaki biyu a ƙasa, a filin baya. Ɗanta ya tare kafin Kirsimeti.

Abin da na koya shi ne, mai gida ba biya yake tsoro ba, rufa-rufa yake tsoro. Ku kira kowane kuɗi da sunansa kafin diga ta taɓa ƙasa, ko da mahaifiyarku ce mai gidan. Na gode wa Allah da ya koya mini wannan a hannun mutane biyu masu rufa asiri. Har yau in na wuce ƙofarta, jikokin na wasa a tsakar gida, sai ta ɗaga murya: "Kafin Alƙalami! Shigo ka ga ɗakunanka, kallo kyauta ne."