Hannun Hagu na Yayana

Yayana bahago ne, kuma a gidanmu da ke cikin birnin Zariya wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Tun kafin a haife ni kakarmu, mahaifiyar Baba, ta ɗaura yaƙi da hannunsa na hagu. An ce yana ƙarami har ɗaure masa shi take yi da ɗankwali in za a ci tuwo. Ni dai abin da na tashi na gani shi ne ludayin miya. Da ya miƙa hagu cikin kwano, ko ya karɓi saƙo da ita, sai ka ji ƙwas a bayan hannu.

"Angona," in ji ta, don haka take kiransa da wasan jika, "da wannan hannun za ka ciyar da ni? Gara na kwana da yunwa."

Ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama, rubutu da dama, ko da yake rubutun kamar kaza ce ta bi ta kan takardar. Jifa ce kawai ya bar wa hagu, saboda ba a yin ta a gaban manya. In mun bi hanyar Wusasa lokacin mangwaro, yakan zaɓi ɗaya can ƙololuwa ya ce, "Kin ga wancan mai jan kunci?" Kafin na ɗaga kai ya faɗo. Ni ce mai riƙe leda. Ba ni da yawan magana, shi ya sa yake yarda na bi shi.

Yana sakandare aka turo wani ɗan bautar ƙasa makarantarsu, ya zo da wasan da ake kira besbol. Wani ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya yi ƙoƙarin maka mata sanda, wani kuma yana tsugune a baya da ƙatuwar safar fata yana cafkewa. Yaya ya zama mai jifa. Safar da malamin ya kawo duk na hannun hagu ne, don masu jifa da dama aka yi su, sai ya kai Yaya wurin wani baduku ya ɗinka masa ta hannun dama. A ƙarƙashin katifa yake ɓoye ta. Ɗakinsu ya yi ta warin jima, kowa na zargin ɓera ya mutu.

Da ya kusa gama makaranta, malamin ya zo zauren Baba ya ce wani mutum zai zo daga kudu neman 'yan wasa da za a kai sansanin horo. Yini ɗaya zai yi a Zariya, kuma ba ya dawowa. Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya ba da ɗansa. Kaka ta ce a tafi da ita, ta ga wanda zai raba ta da mijinta. Ni aka sa na riƙe mata lema.

Filin gwajin yana bayan Ƙofar Gayan. Baƙon yana riƙe da wata na'ura mai kama da ta busar da gashi, wai tana auna gudun ƙwallo. Da aka zo kan Yaya, mutumin ya miƙa masa ƙwallon. Yaya ya rusuna ya karɓa da dama, hagu na tallafe da gwiwar hannu, yadda aka horar da shi. Sai ya waiwayo ya ga Baba tsaye cikin babbar riga. Ya bar safarsa a ƙasa, ya ari ta wani yaro don ya yi jifa da dama.

Jifar farko ta daki ƙasa tun ba ta kai ba. Ta gaba ta tsallake mai cafkewa ta nufi wani mai rake, wanda ya yi tsalle yana salati. Malamin ya ɗora hannu a ka yana yi wa Yaya ihu da Turanci, Yaya ya yi kamar bai taɓa shiga aji ba. Baƙon ya fara duban yaron da ke bin layi.

"Wannan ne abin da aka hana ni baccin rana a kansa?" Baba ya tambaya.

Iyakar abin da na iya shi ne kallon safar da ke yashe a ƙasa. Kaka ta kalle ni, ta bi idona. Sai ta ture lemar.

"Kai angona! Tuwo aka zuba maka a nan?"

"A'a, Hajiya."

"Gaisawa kake yi da wancan na tsugune?"

"A'a."

"To jifa ai rashin kunya ce tun asali. Yi ta da hannun rashin kunya mu tafi gida, rana na dukana."

Baba ya sunkuyo ya rage murya. "Hajiya, a gaban mutane fa."

"Kai rufe min baki. Kai ma ba ludayin nan ne ya gyara ka ba?"

Baba ya gyara hularsa, kuma a ranar na fara lura da hagu yake gyara ta.

Yaya ya ɗauki safar baduku. Ban ga ƙwallon a sama ba, ƙararta kawai na ji cikin safar mai cafkewa, ƙwas, sak irin ta ludayi. Yaron ya cire hannu yana yarfewa. Baƙon ya dubi na'urarsa, ya girgiza ta, ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa. Daga baya ya yi wa Baba bayani cewa a wannan wasa bahago ido rufe ake nemansa, don masu sanda ba su saba da ta inda jifarsa ke fitowa ba. Ya tambaya ko wa ya horar da hannun haka.

"Ni ce," in ji Kaka.

Bayan jarrabawa Yaya ya tafi sansanin. Ya daɗe a can yana ƙorafin ba tuwo, sannan wata ƙaramar ƙungiya a ƙasar waje ta ɗauke shi aiki. Da ya zo hutu samarin unguwa suka yi ta sallama a zaure, kowa na son ya taɓa hannun da ya hau da shi jirgi. Dama yake miƙa musu, su ma ba wanda ya isa ya nemi ɗayan.

Kwanan baya ya turo hoto a wayar Baba. Yana zaune bayan wasa, an naɗe masa hannun hagu da ƙanƙara da tawul tun daga kafaɗa, an ɗaure tam. Na kai wa Kaka. Ta kawo wayar dab da hancinta, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe su ma ɗaure shi suke yi," ta ce. "Da na yi, cewa kuka yi tsufa ne."