Madam Loretta da Kuɗin Cacata na Tsibiri

Ƙarfe bakwai saura kwata nake wucewa ta gaban ofishinta da bas ɗin farko, kuma daga Janairu har tsakiyar Afrilu ban taɓa rasa ganinta a bakin ƙofa ba. Madam Loretta Wysocki ke nan, cikin tsohuwar rigar sanyinta, tana watsa gishiri a kan ƙanƙarar matakala don kada wani ya zo harkar haraji ya koma gida da karaya. Daga nan ta shiga ta ɗora gahawa, ta goge tabarau, ta zauna. Shekara talatin da shida tana cika wa mutanen unguwarmu a Toledo takardun haraji a wannan ɗan ɗaki da ke maƙale da gidan wankin kaya. Bana ta ce idanu sun gaji, za ta rufe. Shi ya sa ni Curtis Bledsoe, direban bas da rubutu bai dame shi ba, na ɗauki biro.

Duk wanda ya san ta ya san halinta guda da ke ƙular da mutane: ba ta tsallake tambaya. Sauran masu wannan aiki, minti ashirin sun sallame ka. Ita kuwa sai ta karanta maka kowace tambaya da babbar murya, in mata da miji ne kowa ya amsa da bakinsa. Otis mai aski ya ce ranar da ta tambaye shi ko ya samu kuɗi daga gona, sai da ya miƙe tsaye.

"Madam, dube ni da kyau. Na yi miki kama da manomi?"

"Ban tambayi kamanninka ba, Otis. E ko a'a?"

Shi dai Otis ɗin ne shaida ranar da wani mai sayar da tsofaffin motoci ya so ta rubuta masa ɗan maƙwabcinsa a matsayin ɗansa don a rage masa haraji. Ta haɗa masa takardunsa, ta buɗe masa ƙofa da kanta, har da yi masa fatan sauka lafiya.

Ni da na zo nawa, ban yi dariya ba.

Matata Marilou 'yar Filifin ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Shekara uku da suka wuce ta nemi zama 'yar ƙasa, ba don sha'awar fasfo ba. Mahaifiyarta, da muke kira Nanay, ita kaɗai ta rage a garin Iloilo na Filifin da ciwon suga, kuma sai ɗan ƙasa ne doka ta yarda ya ɗauko uwarsa ta zauna nan. Masu tantancewa kuwa suna duba takardun haraji. Ni nake cika namu a kwamfuta, Marilou ta sa hannu ba tare da ta karanta ba. Wannan karon ta ce a'a, sai mun je wajen Madam ta duba komai.

Abin da Marilou ba ta sani ba, ina buga karta ta kuɗi a waya duk lokacin da na kai ƙarshen layi ina jiran lokacin juyowa. Sa'a ta biyo ni shekara biyu, har na tara dala dubu ashirin da uku. Kuɗin suna zaune a wani kamfanin tura kuɗi da ke wani tsibiri da ko a taswira ban iya nuna shi ba. A garejinmu kowa ya yarda cewa muddin kuɗi ba su sauka a bankin ƙasar nan ba, gwamnati ba ta da rabo. Na ji daɗin maganar, saboda haka ban bincika ba.

Madam ta kai ga tambayar: "Kuna da asusu a ƙasar waje?"

Marilou ta ce tana da wani ɗan asusu tare da Nanay, bai kai dala ɗari biyu ba. Ni na ce a'a, da zuciya ɗaya.

"Direba, ba banki kaɗai nake nufi ba. Akwai wani wuri a wajen ƙasar nan da ke riƙe maka kuɗi, wanda in ka latsa waya zai turo maka?"

Na sunkuyar da kai. Ta ajiye biro, ta naɗe hannu, ta jira. Injinan wanki suna ta kaɗawa a bayan bango. Na yi ta kallon takalmina har na ga babu mafita, na ciro waya na miƙa mata.

Marilou ta leƙa, ta ga adadin, ta dube ni. "Curtis, caca?"

"So nake in ba ki mamaki."

"To ai ka ba ni."

"Ku ajiye faɗan sai kun je gida, can akwai fili," in ji Madam. Ta juyo gare ni. "Saurara. Ranar da ka ci kuɗin nan, ranar haraji ya hau kansu, ko a tsibiri suke ko a ƙarƙashin katifa. Asusun waje kuma in ya wuce dala dubu goma, akwai takarda ta daban da ake sanar da shi. Ba ka yi ko ɗaya ba. Kuma shekara biyu matarka tana sa hannu cewa abin da ka rubuta gaskiya ne."

Sai a lokacin na fahimta. Sunan Marilou ne a kan ƙaryar, ita za ta tsaya gaban mai tantancewa ta rantse, kuma tsohuwar da ke jira a Iloilo ita za ta ɗanɗana kuɗarta. Na ce, "Madam, in muka yi shiru fa? Wa zai sani?"

"Ni na sani. Ita ma yanzu ta sani. Kana so ta ɗaga hannu ta rantse da wannan a cikinta?"

Ba ta wulakanta ni ba, wannan ne abin da ba na mantawa. Ta sa na nemo tarihin kowane wasa, wanda na ci da wanda aka cinye ni, shafi sama da ɗari, ta bi su layi-layi da waɗannan idanun nata. Ta gyara takardun shekara biyu. Da ta kai inda saninta ya tsaya, ta faɗa ƙarara, ta tura mu wajen wata lauya da ta taimaka da wasiƙar bayani. Haraji da tara da kuɗin lauya suka lashe fiye da rabin abin da na ci. Na rufe asusun, na goge wasan daga waya. Sati uku Marilou ba ta ce mini komai ba sai "abinci na kan murhu".

A watan Nuwamba aka kira ta tantancewa. Ina zaune a mota ina jiranta. Daga baya ta ce mai tantancewar ya tambaya ko akwai harajin da ake bin ta, ta miƙa masa fayil ɗin da Madam ta jera. Ya karanta wasiƙar, ya duba rasit, ya wuce tambaya ta gaba. Da ta fito tana ɗaga mini takarda daga nesa, na kifa kaina a sitiyari na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan rana ba.

Madam Loretta, ke ce kika ƙi karɓar amsar da ta fi sauƙi a gare mu duka. Layi yana jiranki a waje, da kin rubuta a'a kin karɓi kuɗinki babu mai zarginki. Mai dogon haƙuri, mun gode. Ku matasan da za ku gaji wannan aiki, ku rage sauri, ku yi tambaya ta biyu. Ku kuma 'yan garejinmu da har yanzu kuke da kuɗi a tsibiri, ku je ku faɗa da bakinku tun ba a zo an tambaye ku ba.

Nanay ta sauka bara. Tana ɗakinmu na baya, suganta ya daidaita, tana ƙorafin sanyi dare da rana. Ba wanda ya ba ta wannan labari. Kowace safiya in zan fita aiki sai ta riƙe hannuna ta sa mini albarka, wai ni ne surukin kirki da ya kawo ta wajen 'yarta. Ban taɓa samun ƙarfin halin gyara mata ba. Yau na gyara a gaban kowa: ni ne na kusa hana ta zuwa, Madam, ke kika kawo ta.