Ƙafafun Tamra da Sukkar

Idan ka fita Madina ta gabas da safiyar Juma'a, can inda kwalta take rabuwa da gidaje ta shiga baƙin dutse, za ka hangi wani dogon mutum siriri yana hawa tudu, wasu abubuwa biyu masu jan gashi suna mirginawa a bayansa. Mutumin Issoufou ne a takardar iƙama ta izinin zama, Isuhu a bakin kowa. Abubuwan nan biyu kuma karnuka ne, ko da yake sai ka matso za ka yarda.

A shagon shayi na unguwar Al-Sih na san Isuhu. Ni ina ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, shi yana gadin gonar dabinon Alhaji Bakri a bayan gari. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa a Nijar, kuma ubansa ne Sarkin Baka, shugaban mafarautan garin. Isuhu ya tashi cikin karnuka masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, irin waɗanda suke cimma zomo kafin ya gama shawarar gudu. Ranar da ya rataye kwari da baka ya taho Saudiyya, tsohon ya ɗauke masa wuta. In ya buga waya gida, gaisuwa ce a taƙaice, sai a miƙa wa uwarsa. Abin yana cin Isuhu ƙwarai, amma ba ya faɗa sai shayi ya yi daɗi.

Ana nan sai Sundus, 'yar Alhaji Bakri, ta dawo daga karatu a Turai da karnuka biyu, irin da ake kira korgi. Mahaifiyarta Hajiya Uwa ta tsaya a ƙofar gidansu na unguwar Ƙurban ta ce ko ita ko su. Aka kwaso su zuwa gona. Isuhu ya leƙa kejin ya ga kai irin na dila, kunnuwa a miƙe, ƙirji a buɗe, har ransa ya yi fari. Da suka fito ya nemi ƙafa ya rasa. Ya zagaya baya, wutsiya ma babu.

"'Yar gidan nan, wa ya yi musu wannan zalunci?" in ji shi.

Sundus tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Ta yi dariya ta ce haka aka halicce su, ya ammi, wato baffa, sunansu Tamra da Sukkar. Isuhu bai yarda ba. A garinsu kowa ya san kwikwiyon da aka tsare a ɗaki ƙafarsa ba ta miƙewa, kuma maganinsa daji. Turawa ne suka kulle bayin Allah a bene suka hana su girma. Shi kuwa zai gyara.

Daga nan aka soma hawan dutse. Duk Juma'a bayan asuba sai ya saka wata tsohuwar jallabiya da ya ware don karnuka, ya saɓa jarkar ruwa, su ɗauki hanya. Ni na bi shi ne kawai don in sami abin dariya, kuma ban taɓa dawowa hannu banza ba. Tamra takan tunkari dutsen da bai kai gwiwata ba, ta tsaya ta auna shi, ta yi tsalle, ciki ya maƙale a sama, ƙafafu huɗu suna ta tuƙa iska. Sukkar shi ba ya hawa sai ya yi wa dutse haushi tukuna. Ƙadangare ɗaya ya taɓa kora su duka biyu har gindin Isuhu. Amma fa ba sa gajiya da murna. Su kai ƙololuwa harshe a waje, gindi yana kaɗawa tunda babu wutsiyar da za ta yi aikin, mu zauna mu ci dabino muna hango farin garin a ƙasa. Wajen saukowa Isuhu yakan saɓo Sukkar a wuya kamar ɗan tunkiya, ya koma ya yi wanka ya canza kaya kafin masallaci.

Wata rana daɗi ya kwashe shi, ya ɗauki hoton kawunansu a kan tudu ya aika gida. Kai kaɗai, daga wuya zuwa sama. Ya ce sunansu Gagarau da Ci-gari. Kafin la'asar sai ga kiran tsohon da kansa, yana tambaya me suke ci, wane ne ya fi hanci. Ranar Isuhu ya saya wa duk shagon shayi.

Tun daga nan tsohon ba ya fashin kira duk Juma'a. Isuhu ya ce masa ƙafafunsu ne ba su gama ƙwari ba, tsohon ya ce a riƙa murza musu man shanu. Aka murza. Suka lashe na juna tas, suka ƙara faɗi.

"Rilwanu, duba da kyau, kamar sun ɗan ɗaga ko?" yakan tambaye ni.

"Sun ɗaga, ta gefe," in ce masa.

Sai ranar da tsohon ya ce ya gaji da hoto, yana so ya gan su a guje a cikin daji, ido da ido. Isuhu ya rame a mako guda. Ya tabbata ranar da Sarkin Baka ya ga ƙafafun nan, an koma gaisuwar taƙaice. Ya damƙa mini wayar a gindin tudu yana rantsar da ni: in tsuguna, in tsaya a kan kawuna, in sun motsa in ce layi ne ya lalace.

Lokacin sanyi ne, an ɗan yi ruwa, ciyawa ta fito tsakanin duwatsu. Tsohon ya bayyana a waya da rawaninsa, mafarauta sun cika bayansa. Ina tsugune ina ta fama da kawuna sai muka ji ihu. Osman ne, wani Bahaushen Sudan mai kiwo a wajen, raƙumansa sun ɓalle sun nufi babban titi yana bin su da sanda.

"Yalla, ku tare min, ya jama'a, za su hau titi!"

Babu wanda ya ba su umarni. Tamra ta yi dama, Sukkar ya yi hagu, ciki yana sharar ƙasa. Suka sha gaban raƙuman suna haushi, suka zagaya suna ɗan cizon dunduniya. Wata taguwa ta fusata ta kai wa Sukkar harbi da ƙafar baya. Ya lafe kawai, ƙafar ta wuce ta samansa fiu, ya tashi ya sake cizo. Raƙuma suka juyo a jere, Osman ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa dariya ta riga ta kayar da ni, na miƙe ina tsalle, na bi su da waya daga kunne har farce. Kiran yana nan a kunne.

Isuhu ya karɓi wayar. Tausayinsa ya kama ni.

"Isuhu," in ji tsohon, "ina sauran karen?"

"Baba, iyakarsu ke nan."

Sai dariya ta fashe a Tasawa. Tsohon ya yi ta yi har rawani ya zame, na baya suna riƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce in da nasa dogon kare ne, da taguwar nan ta fasa mishi kai. Ya ce waɗanga ba mafarauta ba ne, makiyaya ne, a bar wahal da man shanu. Ya gyara murya ya yi musu kirari irin wanda ake yi wa karen da ya kama barewa, ya kira su gajeru masu kora dogaye. Tamra ta zauna tana saurare da kai a karkace.

Sannan ya ce, "Ba yaron da ya riƙe wayar ɗazu."

Na karɓa na gaishe shi.

"Yaro, ɗaga ta sama kaɗan. Kullum kan kare yaka aiko min. Tun da ya tahi ban ga huskar ɗana da kyau ba."

Na ɗaga. Isuhu ya tsaya a jallabiyar karnuka, gashi ja ya manne masa ko'ina, yana dariya hawaye na zuba, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ya rame, ya riƙa cin abinci.

Har yau suna hawa duk Juma'a, ni ne mai riƙe waya, daga nesa nake tsayawa don kowa ya fito. Man shanun kuma Isuhu bai daina ba. Ya ce umarnin farko ya fi shiga kunnensa.