Rigar da Auta Ba Ta Wanke Ba

Kullum da sassafe Auta ke ɗaure gashinta, ta zura farar rigar aiki, ta tsaya a bakin tanda ta biyu a kamfanin busasshen burodi. Burodin jiya ne, ya kwana ya huce, inji ya yanka shi sala-sala, ake jero mata a faranti. Ita ke sake gasa shi da wuta kaɗan-kaɗan har damshin cikinsa ya fita. Abokan aikinta sun shaida, in ta karya guda bai ce ƙas ba, farantin gaba ɗaya zai koma. "Jarirai masu fitar da haƙori za su ci," take cewa, "da tsofaffin da nasu suka zube."

A watan nan ta yi ritaya, kuma akwai abin da ke cin yayarta.

Ana ta cewa uwa ba ta manta abin da ta haifa. Mai faɗar haka bai zauna da Innarsu ba. Tun da tsufa ya cinye mata tunani, Yaya ke mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta magani, amma ladanta kullum, "Sannu baiwar Allah, 'yar gidan wa ce?" Da Auta ta shigo da yamma, ƙamshin tanda na biye da ita, sai tsohuwa ta miƙa hannu: "Auta, kin dawo?"

"Ni da wanki, ke da suna," in ji Yaya. "Ba ke ta sani ba fa, burodi ta sani. Ki kwana biyu ba ki je tanda ba mu ga wa za ta gane."

"Sai mu zama baƙi biyu, Yaya, kin samu abokiyar hira."

Ranar da aka sallami Auta daga aiki, ta dawo da rigar a leda, ba wanki. A bakin ƙofar Inna ta tsaya, ta zura wa Yaya ita.

"Ni? Da wannan tsumman?"

"Shiga dai."

Inna ta ɗaga hanci, ta lalubo hannun Yaya, ta ɗora a kumatunta. "Auta, kin dawo?"

Yaya ta ce, "Na dawo, Inna."

Auta, ke ce mai haƙurin tsayuwa a bakin wuta. Ke ce kika san wannan ƙamshin shi kaɗai ya rage tsakaninki da mahaifiyarki, kuma gushewa zai yi, kika miƙa shi ga wadda ta fi kowa yi miki gori. Mun gode, Allah ya saka. Wanda yake da irin wannan rigar a gida, ya duba wa ke tsaye a bakin ƙofa.

Yaya ta fito tana share ido. "Ko a nan ma sunanki ta kira," ta ce. Har yau ba ta mayar da rigar ba.