Iyakwandishan a Bangon Ƙasa

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya sauko daga motar Tsanyawa da wani ƙaton akwatin ƙarfe a ka. Masaƙar da yake wa gyaran injuna a Kano ta rufe, kowa ya kama gabansa. Wasu sun dawo gida da keke, wasu da rediyo, shi kuwa ya dawo da tsohon iyakwandishan da aka yar a bayan ofis. Garinmu ko falwayar lantarki ɗaya babu. Kafin ya kai ƙofar gida, mazauna gindin durumi sun sha dariyarsu, har sun laƙaba masa Injiniyan Sanyi.

Su dai suna ta dariya, mu muka san abin da ke cikin gida. Kaka, mahaifiyar Baba, ta shekara biyu a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Zafin shekarar ya feso mata ƙuraje, bayanta ya sale har ya zama gyambo. Ni da Inna muke juya ta, mu yi ta fifita har hannu ya sage, amma mafici iskar zafi kawai yake kaɗawa. Malamin asibiti bai ɓoye mana ba: in gumin nan bai tsaya ba, gyambon zai ci ta kafin ruwa ya sauka.

Washegari Baba ya ɗauki diga ya huda bangon ɗakin Kaka. Yayansa, Baffa Garba, ya zo yana huci. "Talaka da iyakwandishan? Daidai ruwa daidai tsaki, Sule!" Baba bai ko ɗago ba, ya ce, "Yaya, na shekara goma ina sanyaya wa manaja ofis. Manaja ya fi uwata ne?" Ya jawo waya daga janaretan Malam Idi mai injin niƙa, shi kuma yana duba masa inji duk mako. Mai ya yi wuya a lokacin, don haka daga azahar zuwa la'asar kaɗai ake kunnawa. Na'urar ta tsufa, ba ta iya sanyaya ɗakin duka, sai Baba ya kewaye gadon da tabarmi da buhuna, sanyin ya tsaya a kan Kaka ita kaɗai. Ni ce mai wanke matatar ƙura kowace safiya kafin in tafi makaranta, in share ƙaiƙayin da ke toshe bayanta, in kori kajin da ke son kwana a ƙarƙashi. Kuma kaiton wanda ya bar ƙofa a buɗe! A makaranta wata Ladidi ta sa sunan Baba a waƙar gaɗa, na kuwa tumurmushe ta a filin tsalle. Malam ya zuba mini bulala shida, wallahi ko ƙwalla ban yi ba.

Abu ɗaya Baba ya manta. Ya saba da bangon siminti, inda na'ura ke ɗigar da ruwanta ba ruwan kowa. Namu bangon na ƙasa ne. Ɗis, ɗis, kullum ruwan yana bin jikinsa yana shigewa, mu ba mu lura ba. Rana ta tara, ina bakacen gero a tsakar gida, sai na ji rim! Gindin tagar da Baba ya huda ya zube, na'urar ta karkace ta rataye da waya, rana ta faɗo har kan gadon Kaka. Maƙwabta suka cika gidan, masu jaje da masu "ai mun faɗa". Baffa Garba ya ce a cire tsiyar nan a toshe ramin. Baba ya tsaya da laka har gwiwar hannu, kunya ta kama shi, amma ya ce ba inda za ta. Ni ma na riƙe wayar gam, ina jira in ga mai ɓamɓare ni. Can Kaka, wadda maganarta sai an kasa kunne, ta ce, "Garba, a bar mini iskata."

Baffa ya fita. Jim kaɗan sai ga shi da indararon soronsa a kafaɗa, ya ciro shi ɗungurungum. "Kai ka san ƙarfe, amma ba ka san ƙasa ba," in ji shi. Shi ya kwaɓa ƙasa da ramno, ya gina tagar, ya dasa indararon a ƙarƙashin na'urar, ruwan ya riƙa zuba a tulu nesa da bango. Har ya gama yana mita. Gyambon ya kame kafin damina, kuma da bakinta Kaka ta ci tumun shekarar.

Yanzu ina aiki a wani ofis a Kano inda sanyi ke sa ni yafa mayafi biyu. In na'ura ta tsaya, waya ake bugawa, wani ya zo ya gyara, ko sunansa ba a tambaya. Kaka da Baba da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ɗakin ma an rushe shi an yi na bulo. Ban sake jin sanyi mai daɗin wanda muka ƙwata da hannunmu ba.