Zanen da Ke Jikin Goran Umara

In ka taɓa tsayawa bakin ruwa a ƙasar Kirikasamma ranar su, wato ranar da gari ke fita kamun kifi, ka san yadda masu gora suke yi. Mutum zai kifa cikinsa a kan ƙaton gora ya toshe bakin, homa, ragar kamun kifi, a hannu, ƙafafu na tuƙi daga baya. In ya kama kifi sai ya ɗan karkace ya jefa ciki. A wannan sana'a Umara ya yi shekara arba'in, siriri, ƙashi da jijiya kawai, irin mutumin da in ya juya gefe sai ka neme shi.

Akwai zane a jikin goransa, na wuƙa. Mahaifinsa ne ya koya masa: in ka samu sabon gora, ka hau shi babu komai a ciki, ka ga inda ruwa ya tsaya, ka auna yatsa huɗu sama ka zana. Ranar aiki, da zarar ruwa ya taɓa zanen, kifi ya isa, ka fito. Umara bai taɓa saɓa wannan ba.

Shekarar korona ya tafi Haɗejiya sunan jikansa, da niyyar kwana biyu. 'Yarsa Mardiyya ce ta haihu, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata, kuma tun tana ƙarama ba ya iya yi mata musu. Ana gama suna aka sa dokar kulle. Motoci suka tsaya, kasuwa ta tsaya. Mardiyya malama ce, makaranta kuma a rufe, sai ta tattara duk ƙarfinta ta zuba a kan tukunya da ubanta.

Kai, wannan bawan Allah ya ga ta kansa! Gidan suruki ne, surukin kuma doka ta zaunar da shi a gida wuni guda. Umara da kunya, ina zai shiga tsakar gida yana kai-komo a gaban mijin 'yarsa? Sai ya lafe a ɗakin zaure. Tafiyarsa ta yini ba ta wuce daga tabarma zuwa inda buta take. Ga shayi da madara da safe, ga shinkafa, ga taliya, azumi ya zo ga kunu da ƙosai da farfesu. Shi kuma a ganinsa in ya mayar da kwano da saura, dangin miji za su ce 'yarsa ba ta iya girki ba. Haka yake share kwano tas, yana nishi.

Ko da aka buɗe hanya Mardiyya ba ta sake shi ba. "Baba, cutar nan manya take ɗauka. Inna ta rasu, wa zai duba ka a can?" Sai bayan Babbar Salla ya samu kansa.

Da ya sauka a ƙauye mutane suka yi ta yaba masa. Jiki ya yi kyau, an murje, an huta. Taubashinsa Gambo ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Alhaji, ina aka ajiye motar?" Umara ya yi dariya, har ya ɗan ji daɗi a ransa.

Washegari ya ɗauki gora ya shiga ruwa. Yana kifa ciki, goran ya nutse, ruwa ya haye zane ya wuce, alhali ko ƙaramar tarwaɗa babu a ciki. Ya yi tuƙi kaɗan numfashi ya sarƙe, ƙirji na dukan uku-uku. Gambo ne ya jawo shi bakin gaɓa, yana dariya har da hawaye. "Ai ka gama su tun a gida, kifin yana cikinka!" Umara ya zauna a laka yana haki. Tun rasuwar matarsa bai ji baƙin ciki irin na ranar ba.

Labari ya kai Haɗejiya, Mardiyya ta bugo waya tana kuka. Ta ce girma ne ya zo, ya bar ruwa, ta gyara masa ɗaki. Ya ce, "Uwata, ki ba ni zuwa ranar su da rani. In na hau gora ruwa ya taɓa zane, da kaina zan shiga mota." Ta yarda, don ta tabbata ita ce da nasara.

To a nan ne na ke sara wa Umara. Akwai wata hanyar ruwa a bayan ƙauyen da kacalla ta toshe, ciyawar nan mai tsayi da ke cinye fadama, kowa na ƙorafi ba mai taɓawa. Ya ɗauki lauje ya shiga, ruwa iya ƙugu. Ranar farko damin da ya yanka bai kai biyar ba, ya fito yana layi. Ya koma. Ya daina hawa acaɓa, Kirikasamma ma a ƙafa yake zuwa ta kan jinga. Da ambaliya ta zo a ƙarshen damina, yana cikin masu dakon buhunan ƙasa. Tuwo kuwa malmala ɗaya, ya sha ruwa ya tashi.

Ka san halin mutanenmu. Da ya yi ƙiba suka ce lafiya ce, da ya fara ramewa suka ce cutar birni ya kwaso. Aka daina ba shi hannu, a masallaci ana barin gurbi a gefensa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai tsaya yi wa kowa bayani ba. Gambo kaɗai ya ci gaba da zama kusa da shi, wai shi tsokana ba ta barinsa ya yi nisa.

Da ranar su ta zo, Mardiyya ta iso da motar haya da kular abinci, ta ce direba ya jira. Umara ya ɗauki goransa ya shiga, ya kifa ciki. Ita kuwa ta tattare zane ta bi shi har ruwa ya kai mata gwiwa, ta sunkuya ta auna da hannunta.

"Yatsa uku, Baba."

"Saura ɗaya," in ji shi. "Amma dai bai taɓa ba, Uwata."

Ta tsaya tana kallonsa yana tuƙi da ƙafa har ya shige cikin 'yan'uwansa masunta. Bai fito ba sai da ruwa ya taɓa zane, wannan karon da nauyin ƙarfasa da tarwaɗa.

A gindin wata giginya ta buɗe masa kula, shinkafa da miya har baki. Ya ci, ya ci, da ya kai rabi sai ya rufe ya miƙa mata, kansa a sunkuye. Tun da take bai taɓa mayar mata da abinci ba. Mardiyya ta riƙe kular, idonta ya ciko. Sai ta juya ta ce wa direba ya buɗe bayan mota, kifi kawai za a saka.