Katantanwar Cikin Kunne

A shekarar da jam'iyyu suka cika Maraɗi da ganguna, malaman lakwal, wato makarantar boko, suna yajin aiki, mu kuwa muna gida a unguwar Zariya muna cinye wa iyayenmu tuwo. Da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun kakarmu, Kaka Dije, tana gasa mana gujiya a toka tana zuba tatsuniya. Tsohuwa ce mai dariya har da hawaye, amma a shekarar nan dariyarta ta ɗauke, kuma kowa a gidan ya san dalili.

Mahaifinta Anne ne, mai bin addinin gargajiya, bai taɓa salla ba, kabarinsa yana gefen gonarsu ta gado a Jiratawa. Ɗan wanta, Kawu Ilu, ya shiga takara, sai 'yan adawa suka yi masa waƙa a taron Tibiri suna kiransa jikan Anna. Kawu ya hau teburi ya rantse cewa kakanninsa malamai ne daga Katsina, wanda ke kwance a gonar nan bai san ko wane ne ba. Don a gaskata shi, ya bai wa masu bulo gefen gonar su haƙa. Kaka ta je da zanenta, ta tsinto ƙoƙon kan ubanta cikin laka, ta binne shi inda ba ta gaya wa kowa ba.

Daga ranar tatsuniyarta ta koma guda ɗaya.

"Ga ta nan, ta masu kunne ce," in ji ta.

"Ta zo, kunnenmu a buɗe," mu amsa.

Wai Allah ya ajiye wa kowane mutum wata 'yar katantanwa ta ƙashi can cikin kunne, kuma kalmar farko da aka raɗa wa jariri a nan take kwana har abada. Wani attajiri ya ƙi danginsa, ya ce shi daga gabas ya fito. Rannan masu haƙa rijiyarsa suka tono ƙoƙon kai, ashe na ubansa ne. Wata tsohuwa ta girgiza shi, katantanwar ta faɗo, ta kara wa attajirin a kunne. Sai ya ji an kira shi da sunan da uwarsa kaɗai ta sani. Nan take jiri ya ɗebe shi, bai ƙara tafiya a miƙe ba, kullum yana dafa bango, yara suna binsa da ihu.

Na taɓa tambayarta ko ya warke daga baya.

"Ya warke? Don mi za shi warke? Ke ɗiyata, wanda ya ƙi ƙashin ubanai ƙasa ma ba ta riƙe mishi ƙahwa. Ƙurungus, kan mai ƙin nashi."

Ta faɗa tana soka itace cikin wuta kamar idon wani take nema. Ni ina tsoronta a lokacin, kuma ina jin daɗin tsoron. Jirin da ta roƙa wa Kawu bai zo ba. Ya faɗi zaɓe, ya ci gaba da kasuwarsa a Sabon Gari, har ya yi tumbi. Kaka ta rasu ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba, amma kafin nan ta kai ni Jiratawa ta nuna mini wurin da ta binne ƙoƙon.

Na girma, na haihu, sai wata rana na ji a rediyo cewa masana suna ɗaukar hoton ƙashin cikin kunne na mutanen da suka mutu tun zamanin da, suna auna naɗinsa, suna gane wace al'umma ta fi kusa da wace, da hanyar da suka bi suka bazu a duniya. Wai ƙashin nan da wuya ƙasa ta cinye shi. Na ajiye muciya na zauna. Ashe tsohuwar da ba ta san bihim ba ta san inda asali yake ɓuya, kuma fushinta da na ɗauka ya bi ta kabari na same shi a ƙirjina da ɗuminsa.

Bara Kawu Ilu ya aiko a kira ni. Wasu sun taso suna cewa gonar Jiratawa ba tamu ba ce, mu baƙi ne daga Katsina, kuma akwai tsofaffin da suka ji rantsuwarsa da kunnensu.

"Ɗiyata, an ce Gwaggo ta gwada miki wurin. Kabarin kakana shi kaɗai ka iya tsai da mu. Ki taimake ni."

Gonar nan ina da rabo a ciki, 'ya'yana ma haka, kuma na san in na yi shiru ta tafi. Na dube shi da kyau.

"Wane kakan naka, Kawu? Na Katsina?"

Na ɗauki mayafina na fito.